Kwandon Shamuwa a Kan Tsamiyarmu

Matar ɗana ce take rubuta wannan, ni nake faɗa mata. Ban yi boko ba, allon ma ban kai ko'ina ba. Ta ce in fara daga haihuwata, na ce babu abin ji a haihuwata, daga tsamiya zan fara. Mun yi da ita idan kuka ya zo mini za ta ajiye biro ta jira ni.

Gidanmu yana wani ƙaramin ƙauye a ƙasar Kirikasamma, daidai inda yashi yake ƙarewa fadama ta fara. A tsakar gidan akwai wata babbar tsamiya da ta girmi maigidana, ta girmi ubansa. Nan aka kai ni aure, nan na haifi 'ya'yana, daga nan aka ɗauki waɗanda ba su tsaya ba. Maigidana manomi ne, idan ruwa ya cika kuma ya zama masunci. Malam nake ce masa.

Mutumin nan yana son tsuntsaye, so irin wanda har ake yi masa dariya. Da damina, bayan la'asar, sai ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida yana gyaran koma, ido ɗaya a kan zare, ɗaya a sama. Daga ƙofarmu fadama a shimfiɗe take iya ganinka, can nesa kuma ga jigayin yashi. Balbela tana bin shanu. Zalɓe yana tsaye a cikin ruwa kamar wanda aka hana magana. Da magariba kirinjijiya su wuce suna fito, dinya ta biyo su a baya da nauyin jikinta. A da har gauraka muna gani, bibbiyu, da tukkunsu. Na manta rabon da in ji kukansu. Idan na fito da ƙwarya a hannu sai ya ce, "Tsaya nan, kada ki motsa. Dubi can." In ce, "Malam, tuwo yana kan wuta." Ya ce, "Tuwon ba shi da fiffike, zai jira ki." Tuwona ya sha kamawa saboda zalɓe.

Amma duk waɗannan na fadama ne, na kowa da kowa. Shamuwa ce tamu. Bayanta baƙi, ƙirjinta zuwa ƙasa fari, dogayen ƙafafu. Ba ta zuwa sai ruwa ya kusa, kuma ba ta yin sheƙa a daji, sai a cikin gari, a kan mutane. A wajenmu babu mai jifan ta. Tsofaffi suna cewa ba ta sauka a kango, gidan da ta zaɓa yana da sauran kwana a gaba.

Malam yana da abin da yake yi mata, wanda ya gada wurin ubansa. Idan bazara ta yi zafi, tsamiya ta fara sabon ganye, sai ya ɗauko tsohon kwandon kifi, wanda gindinsa ya fara mutuwa, ya rataye shi a madafi ya sha hayaƙi. Wai sabon kwando ba ya warin gida. Daga nan ya hau tsamiya ya ɗaure shi a tsakanin rassa da igiyar kaba. Biyun farko da suka iso a kwandon suke sauka, su zuba kirare, sauran kuma su bi su su cika bishiyar. Ni aikina riƙe tsani da faɗa.

"Malam, ka sauko haka nan. Mai furfura a kan bishiya, mutane suna kallo."

"Su kalla. Ke dai riƙe tsanin, in na faɗo a kanki zan faɗo."

Daga ranar da suka sauka gidan ba ya zama da tsabta. Kashi ko'ina, fari kamar an watsa farar ƙasa. Shanyar kuka da kuɓewa sai a bayan ɗaki. Na yi ta mita shekara da shekaru. Wayyo ni, da na san abin da nake mita a kansa.

Daga baya ruwa ya canza hali. Wata ciyawa da muke kira kacalla, doguwa ta fi mutum, ta toshe hanyoyin da kogi yake bi, sai ruwan ya rasa inda zai nufa ya riƙa hawowa kan gonaki. Shinkafar damina ta daina kaiwa kaka, tana tsaye za a wayi gari ruwa ya rufe kanta. Mutane suka koma noman rani da injin ban ruwa. A cikin kacallar nan kuma jan-baki suka sami gida, waɗannan ƙananan tsuntsayen da suke zuwa gari guda su cinye gona. A da sai kaka muke yaƙi da su, lokacin shamuwa ta riga ta tafi. Yanzu da shinkafa take nuna a ƙarshen bazara, sai zuwansu ya haɗu da zuwanta.

Shekarar babbar ambaliya ruwa ya shigo ƙauyen har cikin ɗakuna. Muka kwashe zuwa wani tudu da ke arewa da mu, muka zauna a bukkoki har ya janye. Da ya janye, yawancin mutane suka ce sun gaji, a tudun za su gina. Malam ya ce shi zai koma. Muka koma, ya kwaɓa ƙasa ya ɗaga katangar da ta faɗi, shi da ƙaninsa. Sanyin ruwan nan ne ya shige shi. Tari ya kama shi, ya ƙi saki. Kafin tsamiya ta yi sabon ganye aka ɗauke shi a makara. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Wannan shekarar ina cikin takaba shamuwa ta iso. Babu wanda ya tuna da kwando, ni ma ban tuna ba. Ina zaune a ƙofar ɗaki na ga inuwarsu ta gifta a ƙasa. Na ɗaga kai, suna kewaye a sama. Suka yi ta kewayawa, suka wuce. Damina ta zo ta tafi, tsakar gidana fes, babu abin sharewa. Da kaka kuma gida biyun da suka rage kusa da ni suka bi 'yan'uwansu tudu. Ƙauyen ya zama ni kaɗai, sai akuyata da 'yan kaji.

Ɗana na fari yana zaune a Hadejia, yana da shagon ɗinki. Ya zo da rani ya durƙusa a gabana, ya ce, "Inna, ki tattara mu tafi. Ɗaki yana nan an share miki."

Na ce, "A share wa wani."

"Inna, idan ruwa ya tare hanya, wa zai kawo miki abinci? Mota ba ta zuwa, babur ba ya zuwa."

"Da can mota ce take ciyar da ni?"

Ya sunkuya yana zane a ƙasa da tsinke, irin na ubansa. Can ya ce, to, mu yi haka. Akwai 'yar gonar da ke bayan gida. Baffansa, wato ƙanin Malam, zai dasa mini shinkafar rani, ya riƙa ba ta ruwa da injinsa. Tsaron tsuntsu nawa ne. Idan shinkafar ta shiga rumbu, har ta isa ta kai ni ƙarshen damina, zai ƙyale ni a ɗakina. Idan ba ta shiga ba, ba zai sake roƙo ba, mota zai kawo. Na ce na yarda. Na san yaron, ba ya magana biyu.

Ƙanin Malam abokin wasana ne tun ina amarya. Shi ma ya tsufa, gwiwa ta ci shi, amma bakin yana nan. Daga tudu yake zuwa a keke. Ya dasa shinkafar, ta kama, ta yi kyau har ina jin kunyar kallonta. Da ta fara fitar da kai sai ya zo da igiyoyi da gwangwanaye, ya zuba tsakuwa a ciki, ya kafa sanduna ya zagaye gonar. Ya haɗa igiyoyin duka a kan uwar igiya guda. Masu ƙarfi rumfa suke yi a tsakiyar gona su hau, ni ba zan iya ba. Sai ya jawo uwar igiyar ta kan katanga ya ɗaure ta a reshen tsamiya, ya sako mini wata a ƙasa. Ina zaune a inuwa, ta inda katanga ta sake zubewa ina hango gonar, idan na ja, gwangwanaye su amsa gaba ɗaya.

Ya ce, "To matata, ga aiki. Ki ja ki yi ihu. Ihu dai na san ba sai an koya miki ba, yayana ya sha shi."

Na ce, "Mijin wahala, da ka gama surutu akwai sauran aiki. Shiga madafi, ka ga abin da ke rataye."

Ya shiga ya fito da kwandon. Tun sanyi na rataye shi, ya yi baƙi da hayaƙi. Ya juya shi a hannu, wasan ya bar fuskarsa.

"Ni kike so in hau? Da wannan gwiwar?"

"Yayanka ya girme ka, yana hawa."

"Yayana ai ba shi da hankali a kan tsuntsu. Ke ma ashe ya shafa miki."

Ya hau dai. Na riƙe masa tsani, yana nishi yana kiran sunan Allah. Bai kai inda Malam yake kaiwa ba. A reshen farko ya ɗaure shi, reshen da igiyar take. Daga ni har shi babu wanda ya kawo komai a ransa.

Na shiga tsaro. Da asuba, da na idar da salla, in zauna a gindin tsamiya da igiya a hannu. Jan-baki suna tasowa daga kacalla kamar hayaƙin gobara, ka ji ƙararsu kafin ka gan su. Su miƙe, su lanƙwasa, su zubo. In ja igiya in kwarara ihu, su tashi su nufi gonakin wasu. Da rana su lafa, da yamma su dawo. Tafin hannuna ya yi kanta, muryata ta dushe, amma shinkafa ta yi madara, ta fara sunkuyar da kai. Ƙanin Malam ya murza ƙwaya a hannu ya ce saura kaɗan a sa lauje. Har na fara share rumbu.

Ran nan da hantsi, gari ya yi zafi, iska ta tsaya, hadari yana leƙowa daga gabas. Ina gyangyaɗi sai na ji motsi a kaina. Na ɗaga ido a hankali. Shamuwa biyu a bakin kwandon Malam. Ɗaya tana leƙa ciki, ɗaya tana gyara fiffike.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. A zuci na ce, Malam, sun zo. Sun ce gida ne.

Da yamma ɗaya ta dawo da kara a baki. A daidai lokacin na ji ƙarar nan daga kacalla. Hannuna ya kai kan igiya da kansa, na ɗan ja kaɗan, ban ma kai ga gwangwanaye sun amsa ba. Reshen ya girgiza, kwandon ya yi rawa. Duka biyun suka buɗe fiffike, suka ɗaga ƙafa za su tashi. Sai na saki.

Na zauna da hannu a cinya ina kallo ta inda katanga ta zube. Jan-baki suka sauka, gonar ta yi duhu. Ina jin ƙarar bakunansu, ƙus-ƙus-ƙus, kamar ana tankaɗe. Na san abin da nake gani, ba ruɗewa na yi ba. Na san alƙawarin da na yi da ɗana. Amma na ce a raina, bari dai su zauna tukuna, su yi ƙwai. Idan shamuwa ta yi ƙwai ba ta tashi, lokacin sai in ja yadda nake so. Gona ba ta ƙarewa a yini ɗaya.

Matar ɗana ta tambaye ni me ya hana in kwance igiyar in mayar da ita wani wuri. Ina zan hau? Kuma ƙanin Malam ya tafi Jahun ta'aziyyar surukinsa, babu wanda zan aika. Na gwada zagayawa bayan gida da ƙafa, ina kaɗa mayafi ba tare da ihu ba. In kore su nan su sauka can. Na faɗi a cikin laka, da rarrafe na fito.

Sai na koma lallashin baƙina. Na daina daka, na riƙa jiƙa gari ina sha. Akuya na kai ta kangon maƙwabta na ɗaure, don kada kukanta ya dame su. Zakara na kife shi da masaki. Wuta ma sai can bayan ɗaki nake hurawa, 'yar kaɗan. Takalmi na cire, buta a hankali nake ajiye ta. Tari idan ya zo sai in toshe baki da zane. Gidan ya yi tsit, har ina jin faɗuwar ganye.

Suka yi 'yan kwanaki suna kawo kirare. Daga baya na ga kawowar ta ragu. Sai su tsaya a kan reshe, wuya a miƙe, suna kallon tsakar gida, suna kallon ƙofofin ɗakuna. Ni kuma ina laɓe a bakin ƙofa ina kallon su, ko numfashi ba na so ya fita. Wata safiya ɗaya ta tafi ba ta dawo ba. Ɗayar ta yini ita kaɗai. Da la'asar ta yi tsalle ta buɗe fiffike, ta bi ta kan katanga ta yi arewa. Na jira washegari, na jira jibi.

Ranar da ƙanin Malam ya dawo, ta bayan gida ya biyo, don haka gonar ya fara gani. Shinkafar da ta sunkuya ta miƙe tsaye cak, babu nauyin komai a kanta, sai ƙaiƙayi. Ya shigo ko sallama bai yi ba.

"Ciwo kika yi?"

Na ce, "A'a."

"Igiyar ce ta tsinke?"

Na nuna masa sama. Ya ga kwandon da kirare a ciki, rabin sheƙa. Ya dubi igiyar, ya bi ta da ido har reshen. Ya zauna a kan turmi kamar an tura shi.

"Ina suke?"

"Sun tafi."

Ya waiga hagu da dama. "Ina akuyar? Me ya sami zakaran nan a ƙarƙashin masaki?"

Na gaya masa duk abin da na yi. Ya riƙe kai. Na ɗauka zagi zai yi, ko ya ja ni da wasa kamar kullum, da ya fi mini sauƙi. A hankali ya yi maganar.

"Yaya," ya ce. Bai taɓa kira na haka ba sai ranar. "Kin san inda suka cika a tudu? A kan darbejiyar da ke bakin injin niƙa. Injin yana ta ruri tun safe, mata suna faɗa a kan layi, su kuwa suna bisa suna ƙwai. A gidan nan fa, da, ke da daka, yara da kuka, yayana da rediyo. Yaushe aka taɓa yi musu shiru?"

Gaskiya ya faɗa. Na zauna da tsuntsayen nan tun ina da ƙuruciya, a ƙarƙashinsu na yi surfe, a ƙarƙashinsu na yi ta zagin kaji. Na sani sarai. Tsoro ne ya kwashe mini sanin. Sun zo su duba ko akwai mutane, ni kuma da hannuna na ɓoye musu duk abin da zai nuna akwai.

Ya ce, "Ko kuma dai da ma ba za su zauna ba. Mutum ɗaya ba ya cika musu ido. Allah ne ya sani."

Ban san wanne ya fi ciwo a cikin biyun ba. Har yau ina juya su.

Ya shiga gonar da lauje ya tsinto abin da ya rage a gefe-gefe. Da aka sussuka bai cika ƙwarya ba. Ya ce zai ɗebo mini daga rumbunsa a zuba a nawa, yaron ba zai gane ba. Na ce ya bari. Shi ma rabin tasa gonar tsuntsu ya ci, ga iyali. Kuma ko an cika rumbun har baki, a gidan wa zan ci?

Ɗana ya zo bayan ruwan farko, kafin hanya ta lalace. Ya leƙa rumbu, ya fito ya kira direba. Kayana da ma a ɗaure suke. Aka loda gado da tukwane da akuya a bayan a-kori-kura. Ya tambaya ko a sauko da kwandon, na ce a bar shi. Ya kawo kwaɗo zai sa wa ƙofa, na ce wa zai shiga.

Hanyar Hadejia ta tudun take bi. Da muka iso mutanen ƙauyenmu suka fito, matan da muka yi zaman shekaru suna miƙo hannu ta taga, ana a yafi juna. Sai na ji ƙarar injin niƙa. Ɗana ya taɓa kafaɗar direba ya rage gudu.

"Inna, ga su can, sun cika bishiyar. A tsaya ki gani?"

Na ja mayafi na rufe fuskata. Na ce, "Ku wuce."

Yanzu ina nan a ɗakin da aka share mini. Siminti ne, da rufin kwano, taga ɗaya tana kallon bangon maƙwabta. Ba a rage ni da komai ba, matar ɗana ko tsinke ba ta bari in ɗauka. Ƙanin Malam ya zo gaishe ni da kaka. Ya ce ruwan bana ya shiga ƙauyen, ɗakina ya rushe ya zauna, na Malam ma ya zauna, kacalla ta fara tsirowa a inda madafi yake. Ya buɗe baki zai ci gaba, na san maganar tsamiya zai yi. Na ce ya sha ruwansa, kada ya yi zafi.